Ɗan ƙarfen da bai kai ƙwayar gyaɗa ba ya cinye mini inji

Yau sati uku ke nan da injin ban ruwana ya buga a gonata ta Dadin Kowa, amma har yanzu in na ɗaga hannun dama na ji tsamin kafaɗa sai raina ya sake ɓaci. Tumatir na dasa, ya fara fure, lokacin da ba ya jure ƙishi ko na kwana biyu. Injin irin ƙananan nan ne na China da aka kwaikwayi Honda GX160, mai fistin ɗaya, shekararmu huɗu tare.

Da ya fara hayaƙi yana shan baƙin mai, na ce ba sai an je Gombe ba. Na kwance shi a gindin darbejiya, na canza ring da oyil sil, na haɗa ɗigon giyar karanshaf (sandar da fistin ke juyawa) da na kamshaf, na saita bawul. Duk wannan lafiya lau. Wajen mayar da filawil, faifan ƙarfen nan mai nauyi da igiyar tayarwa ke juyawa, ne na yi wa kaina aika-aika. Ɗan ƙarfen nan da ake kira ki, mai siffar jinjirin wata, wanda ke zama tsakanin filawil da karanshaf, ya suɓuce ya faɗa cikin yashi. Na tankaɗe wurin da hannu har aka kira Azahar, ban gan shi ba. Sai na samo guntun ƙarfe na goge da magagari har ya shiga ramin. Yana ɗan motsi, na gani da idona, na ce ba komai. Na ƙara da shafa giris a bakin shaf ɗin, na ɗaure noti iya ƙarfin hannu.

Ranar farko ya yi aiki kamar sabo. Washegari mesa ta zuƙo tsakuwa, famfo ya cije, injin ya tsaya cak. Na share, na zo tayarwa, ina jan igiya ta fizge ni da ƙarfin da sai da na durƙusa. Sau uku tana yi mini haka. Da ya tashi kuma, sai ga wani ƙara siriri, kal-kal-kal, kamar ana kaɗa cokali a cikin kofin silba, ga zafi kamar maƙera. Inji ya gaya mini komai a ranar, ni kuwa idona na kan tumatir. Kwana biyu na ƙara ina ba da ruwa a haka. A na uku, da hantsi, na ji ƙara guda ɗaya, kwanrod, wato sandar da ke haɗa fistin da karanshaf, ya karye ya fasa bulok, baƙin mai ya malale a kan kunya.

Wani dattijon bakanike a cikin garin Gombe ne ya cire filawil ɗin. Ya ɗora guntun ƙarfena a tafin hannunsa, ya rabe biyu.

"Ɗana, wa ya sa maka wannan?"

"Ni ne, Baba."

"Da igiya ta fizge ka, me ya hana ka tsayawa?"

Ban da amsa. Ya jawo wani tsohon karanshaf da fistin a jiki, yana juyawa a hankali. Ya ce in tuna keke: in feda tana can ƙololuwa, ko ka hau kanta da duk nauyinka ba za ta juya ba, sai ta ɗan gota. Haka fistin yake. In ya kai ƙarshen sama, kwanrod da hannun karanshaf sun miƙe a layi ɗaya, duk ƙarfin da ya danno ba ya juya komai, a kan ƙarfe yake ƙarewa. Fetur kuma ba ya ƙonewa lokaci guda, yana buƙatar ɗan lokaci. Shi ya sa fulogi ke ba da wuta tun fistin bai iso sama ba, a irin wannan injin wajen digiri 25 kafin nan, don ƙarfin ƙunar ya cika daidai sanda karanshaf ya gota da kamar digiri 15, hannunsa ya fara kwanciya.

Abin da ke gaya wa kwayil, mai aika wa fulogi wuta, lokacin ba da ita shi ne maganaɗisun da ke jikin filawil. Da famfo ya cije, karanshaf ya tsaya, filawil da nauyinsa ya ci gaba, ya yanke ki ɗina ya zame gaba. Daga nan wuta ta riƙa zuwa da wuri fiye da kima, tana dukan fistin yana kan hawa, tana tura shi baya. Fizgar igiyar ke nan. Na zauna na yi lissafi daga baya: shaf mai kaurin milimita 20, zamewar milimita ɗaya tak ta kusa digiri 6. Filawil ɗina ya zame fiye da faɗin ki ɗin gaba ɗaya. Inji mai juyi 3,600 a minti yana ƙuna sau 30 a kowace daƙiƙa, kowace ƙuna tana danna fistin da nauyin da ya haura tan guda. Wannan dukan kwanrod na alminiyam ya sha kwana biyu, ina tsaye kusa da shi ina gyara kwami.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne giris ɗin. Baba ya ce aikin ki nuna wa filawil mazauninsa ne kawai, abin da ke riƙe shi shi ne matsewar bakin shaf mai tsini, in yana bushe ƙayau kuma an ɗaure noti tamau. Ni da hannuna na sa masa santsi. Ki na asali kuwa kuɗinsa bai kai na kwanon abinci ba, kuma da na hau babur zuwa kasuwa da na samo shi kafin La'asar.

In igiya ta fizge ka ko sau ɗaya bayan ka taɓa filawil, kashe maganar ban ruwa, ka buɗe ka duba ki. Ni sai da na sayar da buhun taki biyu na haɗa da bashi na sayi wani injin, kwana biyar ina aron na maƙwabcina da daddare. Kunyoyin gabas, inda ruwa ke isa a ƙarshe, furensu ya zube kusan duka.