Inda na kai a ɗaukar hoton masallatan jan bulo na Bengal

'Yan'uwa masu koyo, ga inda aikina ya tsaya daga ƙarshen damina zuwa yanzu. Tun da na zo karatu Bangladesh nake bin tsoffin gine-ginen da aka ƙawata da gasasshen yumɓu, kuma hunturun bana na ba da shi ga arewa maso yammacin ƙasar: masallatan Bagha da Darasbari, sai Kantajew, wurin bautar mabiya addinin Hindu a Dinajpur.

Ƙasar nan ta laka ce, manyan koguna ne suka tara ta, dutse kuwa sai an ɗauko daga nesa. Shi ya sa magina suka riƙi bulo, adon ma suka fitar da shi daga yumɓu: a zana shi yana ɗanye, a gasa, a jera a jikin bango. Zanen ba shi da zurfi sosai, kuma launinsa ɗaya da na bangon. Saboda haka idan babu inuwa a cikinsa, kyamara jan bango kawai take gani. Aikina na watannin nan shi ne sanin lokacin da rana ke bin gefen kowane bango.

Alƙiblar mutanen nan yamma ce, ba gabas ba irin tamu. Ke nan ƙofofin masallaci suna kallon gabas, mihrabi yana bangon yamma. Shawarar da aka saba ba mai koyo ita ce ya yi sammako, amma a fuskar gabas ba ta da amfani sosai. Da fitowar rana haske yana dukan bangon gaba da gaba, launi ya yi kyau, zane ya kwanta. Ga hazon Disamba da Janairu, wanda kan kai hantsi bai washe ba. A hunturu rana tana karkata kudu, don haka tsakanin ƙarfe goma da sha ɗaya ne take shafar bangon gabas ta gefe, kowane ganye ya fito da inuwarsa. Bangon kudu shi ne na sassafe da la'asar sakaliya. Bayan mihrabi kuma, da an idar da azahar. Bangon arewa ba ya samun rana a wannan lokaci, na bar shi sai bazara.

A Bagha na fi daɗewa. Sarki Nusrat Shah ne ya gina masallacin a 1523, hoton masallacin ya taɓa fitowa a jikin takardar kuɗin ƙasar ta taka 50, kuma har yau ana salla a ciki. Ƙubbobinsa goma sun rufta a girgizar ƙasa ta 1897, na yanzu sake ginawa aka yi. Abin da ya tsayar da ni shi ne allon bishiyar mangwaro. Magini ya zana 'ya'yan suna reto a reshe, kowanne da ɗan lanƙwason bakinsa, a yankin Rajshahi da har gobe da mangwaro aka san shi. Na tsaya nesa kaɗan na zuƙo, maimakon in matso in ɗaga kyamara sama, domin ɗagawar tana sa layukan bulo su tsuke ta sama. Na bar buɗin idon kyamara a f/8 don gefunan allon su fita tas. A hoton da ya fi burge ni ana ganin wata siririyar tsaga da ta ratsa ɗan mangwaro ɗaya, da baƙin gansakuka a ƙasan ganye. Ban goge su a kwamfuta ba, kuma ba na goyon bayan a goge. Shekara ɗari biyar ce ta bar su a wurin.

Cikin masallacin akwai duhu, mihrabai kuma su suka fi ado: sarƙa mai ɗauke da fitila, furanni, rassan inabi. Filasha tana kashe zanen gaba ɗaya. Na nemi izinin mai kula da masallacin, na kafa kyamara a kan mai ƙafa uku tsakanin azahar da la'asar da jama'a suka watse, na bar ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, a 100 na tsawaita lokacin ɗauka. Hasken da ke shigowa ta ƙofofi ya wadatar.

Darasbari, kusa da iyakar Indiya a tsohon birnin Gaur, ya fi sauƙi, kodayake dalilin sauƙin abin takaici ne. Ginin 1479 ne, zamanin Yusuf Shah, kuma rufinsa ya daɗe da zubewa. Mihraban suna fili, rana tana sauka a kansu kai tsaye. Duk wanda ke son ya ga yadda adon mihrabi yake da cikakken haske, nan zai zo.

Kantajew wani aiki ne dabam. Maharaja Prannath ya fara shi a 1704, ɗansa Ramnath ya ƙarasa, kuma hasumiyoyinsa tara sun faɗi a waccan girgizar ta 1897. Masallaci ba ya ɗaukar surar mai rai, nan kuwa daga ƙasa har sama mutane ne da dabbobi. Layukan ƙasa rayuwar zamanin ce: mafarauta, giwaye, dawaki, kwalekwale cike da masu tuƙi, attajiri ana ɗauke da shi a kafaɗa. Sama da su labarun Rama da Krishna ne, waɗanda mabiya Hindu ke bauta wa. Allunan ƙanana ne, labarin kuma a jere yake tafiya, don haka hoton allo ɗaya tilo yakan yanke magana a tsakiya. Yanzu nakan ɗauki bango duka tukuna, sannan layi, sannan allo, in rubuta a littafi wane bango ne da wane layi. Layin ƙasa sai an durƙusa har gwiwa ta taɓa ƙasa. Wurin ibadar mutane ne har yanzu, don haka na cire takalmi, ban ɗauki mai bauta ba sai da yardarsa, ban kuma jingina da bango ba, yumɓun yana marmashewa.

Wanda ke gida ba sai ya jira tikitin jirgi ba. Zanen bangon gidajen sarauta da na tsoffin unguwanni a Kano da Zariya haka yake son haske. Ku zaɓi bango ɗaya, ku ɗauke shi da safe, da hantsi, da la'asar, ku jera hotunan ku duba.

Abin da ya rage mini shi ne launi. Jan bulo yana yaudarar kyamara, wani lokaci ya koma ruwan lemo, musamman da yamma, kuma ina gwada ajiye farin kati a hoton farko don daidaitawa. Wanda ya ƙware a wannan ya taimaka mini da shawara. Idan bizar Indiya ta samu, Bishnupur na nufa, in Allah ya yarda, domin wuraren bautar Shyam Rai na 1643 da Jor Bangla na 1655.