Alamar Hitler a kan tankin moto

Daren jiya muna fada nan Bukoki ana dafa shayi sai ga ƙanen wani abokina ya faka motonshi, kan tanki ya manna alamar nan ta Hitler, gicciye mai lanƙwasassun hannuwa. Na ce mishi kai ƙane mi ye wannan? Ya ce yaya ai mutumin namiji ne, shi ya durƙusar da Faransa cikin sati 6. Aka kwashe da dariya, ni ko wallahi shayin ma ƙin shiga ya yi.

E, ya ci Faransa a 1940, ba gardama. Amma cikin Yunin wannan shekarar sojojinshi suka kama baƙaƙen sojan da Faransa ta kwasa daga ƙasashenmu, a ƙauyen Chasselay kusa da Lyon, suka ware su daga Turawa suka karkashe su don launin fata kawai.

Kuma abin da yaranmu ba su gane ba, mutumin ya mutu tun 1945 amma alamar tana da masu ita har gobe. Tun 1949 tsoffin mabiyanshi suka kafa jam'iyya a Jamus ta Yamma, kotu ta haramta ta a 1952, wata mai suna NPD ta ɓullo a 1964, can Amurka ko George Lincoln Rockwell ya kafa tashi a 1959. Aƙidar ba ta canza ba, farar fata ce sama, Yahudawa ne tushen kowace masifa, kisan mutum miliyan 6 da aka yi musu wai ƙarya ne, yanzu kuma baƙi da Musulmi sun fi shan ƙiyayyar. Inda aka hana alamar sai su rubuta 88, H ne harafi na takwas, wato HH, ma'ana gaisuwar Hitler, Heil Hitler.

To su wa suke kashewa? Amadeu Antonio ɗan Angola, ma'aikaci ne, duka suka yi mishi a garin Eberswalde na Jamus a 1990 har ya mutu. A 1993 suka cinna wa gidan Turkawa wuta a garin Solingen, nan ma Jamus, mata da 'yan mata 5 suka rasu. Wata ƙungiyarsu ta Jamus mai suna NSU ta kashe mutum 10 daga 2000 zuwa 2007, 8 asalinsu Turkiyya, kuma shekara da shekaru 'yan sanda suna zargin dangin mamatan, sai 2011 asiri ya tonu, wannan ya fi ƙona mini rai. A Girka masu wannan aƙidar har majalisa suka shiga a 2012 kafin kotu ta ce gungun 'yan ta'asa ne a 2020. Shi kuma wanda ya kashe masallata 51 ranar Juma'a a garin Christchurch na New Zealand a 2019 yana watsawa kai tsaye a Facebook, daga wannan rijiyar ya sha.

Duk na zayyana mishi, ya sosa ƙeya ya ce yaya dala arba'in fa na saye ta, ado ne kawai. Ya shanye shayi na biyu ya tada moto da alamarshi. Kuma shi ne kullum ke cika mana kunne da Jamus yake son zuwa, ƙasar da nuna wannan alamar a fili kan iya kai mutum kaso har shekara 3.