Sa'o'i ukun da na ƙwace wa ma'aikata da sunan kula da su

Ni ne mai kula da ma'aikata a wani kamfanin dakon kaya a Jidda, kuma yawancinsu Hausawa ne, wasu haihuwar nan, wasu zuwa suka yi da iƙama, wato takardar izinin zama. Bara, da gajiya ta sa faɗace-faɗace da fashin aiki suka yawaita, mudir, wato shugaban kamfanin, ya amince in tsara shirin kula da lafiyarsu da kwanciyar hankalinsu. Ruwan sanyi, awon hawan jini da asusun taimakon juna na riyal 20 a wata duk sun tafi daidai.

Zaman tattaunawa ne ya kayar da ni. Dokar Saudiyya ta hana aiki a cikin rana daga ƙarfe 12 zuwa 3, tun daga 15 ga Yuni har 15 ga Satumba, ni kuwa sai na ɗauki waɗannan sa'o'i tamkar lokacin banza da babu mai shi, na sanya zaman a ciki sau biyu a mako domin kada aikin kamfani ya ragu. Har mudir na gayyato, ina taƙama.

Mako shida suna zuwa, suna gyangyaɗi, babu mai cewa uffan, fashin aiki kuma sai ƙaruwa yake yi. Mutum biyu daga cikin ƙwararrunmu suka nemi canjin kafili, wato komawa ƙarƙashin wani ubangidan aiki. Wani dattijo Basakkwace ne ya ja ni gefe bayan La'asar ya ce, "Ɗana, lokacin da kake tara mu shi ne na barcinmu, shi ne kuma lokacin da muke samun iyali a waya. Sannan wa zai faɗi damuwarsa a gaban mai sabunta masa iƙama?"

Har yau kunya nake ji, domin ni ma na yi dako kafin a ba ni ofis, kuma na san daɗin barcin Azahar a ƙarƙashin na'urar sanyi. Ban tambayi kowa ba kafin in zaɓi lokacin, abin da ke ci mini rai ke nan.

Na mayar da zaman safiyar Alhamis, rabin sa'a cikin lokacin aiki da ake biya, ba tare da mudir ba, dattijon nan ne kuma yake jagoranta. A zama na biyu aka gaya mini cewa jinkirin kuɗin ƙarin lokaci ne ke hana su barci, aka kuwa gyara shi cikin wata guda. Mutum biyun nan dai ba su dawo ba.