Ina auna idon tsofaffin Ingila, Inna tana jira a Funtuwa

Aikina a wani asibitin ido a Bamingham shi ne auna idon masu yana kafin a yi musu aiki. Mutum ya ɗora haɓa, ya kalli ɗan haske, na'urar IOLMaster ta fitar da tsawon ƙwayar idon da lanƙwasar gabanta, ko taɓa shi ba a yi ba. Da lambobin nan likita ke zaɓar ƙarfin gilashin robar da zai dasa. Tsawon idon babban mutum milimita 23 zuwa 24 ne, kuma kuskuren milimita ɗaya tak ya isa ya bar mutum da tabarau mai kauri bayan aiki. Shi ya sa in idanu biyu suka bambanta da yawa, sai an sake awo.

Rannan wata tsohuwa ta ƙare wa hijabina kallo, ta ce a kira mata wanda ya iya. Abokin aikina ya zo ya sake, lambobinsa suka fito daidai da nawa. Ba ta ce uffan ba. Shi ma shiru ya yi, kuma wallahi nasa shirun ya fi yi mini ciwo. A gida da tuni wani ya ce, "Haba Hajiya, ai ga shi nan!" Nan kuwa sai murmushi da tayin shayi.

Da na koma ɗaki na kira Yaya Babba, don idon Inna na dama ya yi fari fat. In yana ta yi kauri haka, hasken na'ura ba ya ratsa ta, sai a koma ga awon sauti da ake ɗorawa a kan ido, shi kuma in mai awon ya danna da ƙarfi, idon ya fito gajere. Na ce, "Yaya, don Allah kafin a taɓa ta ku tambaya ko masu aikin suna awo, kada a sa mata gilashin da ya rage a kwali."

Ya yi dariya ya ce na zama Baturiya. Wai maƙwabcinmu an yi masa kyauta, ga shi har kasuwa yana zuwa. Gaskiya ne, amma ni na san Inna, izu take son karantawa da kanta bayan asuba.

Na tura kuɗin motar da za a kai Inna Kano a duba idon. Yaya ya ce sai bayan girbi.