Ku karanta jikin kwalba kafin ku ɗora a sikeli

Shekaranjiya na tarar da wani ɗalibi a ɗakin gwaje-gwaje yana shirin haɗa tampon na fosfat, ruwan da ke riƙe pH, wato ma'aunin tsami, wuri guda. Ya ɗauko kwalbar gishirin Na2HPO4 zai auna, ido na kan waya, ko duban takardar jikinta bai yi ba. Sai da na riƙe masa hannu.

Wannan gangancin ne ya taɓa cina. Lissafina na giram 14.2 a lita guda daidai yake, amma na gishirin da babu ruwa a jikinsa ne, mai nauyin mol 142, wato giram 142 a kowane mol, ma'aunin yawan ƙwayoyin sinadari. Kwalbar da na ɗauka kuwa ta mai 12H2O ce, wato gishirin da ke ɗauke da ruwa a jikinsa, mai nauyin mol 358, wanda ke buƙatar giram 35.8, ashe ko rabin abin da ake so ban zuba ba. Da na gauraya shi da NaH2PO4, ɗaya gishirin fosfat mai tsami, na ga tsami ya yi yawa, maimakon in tsaya in yi tunani, sai na dinga ɗiga NaOH, sinadarin da ke kashe tsami, har na'urar auna pH ta nuna 7.2, na koma gida ina jin ni gwani ne. Tampon ɗin ya fito da rauni, gwaje-gwajen da aka yi da shi suka lalace, ni kuma na ɗora wa na'ura laifi. Gaskiya takardar jikin kwalbar ta koɗe, kuma babu wanda ya taɓa nuna mini bambancin; amma ai ban tambaya ba, girman kai ya hana.

Na so in yi muku dogon bayani, sai dai yaran yanzu ba ku da haƙurin saurare. Ku karanta kwalba. Ku saita na'ura da ruwan pH 4 da 7 kafin ku yarda da ita, kuma ko bayan haka kada ku yarda da ita fiye da lissafinku. Ku gyara pH kafin ku cika ruwa zuwa alamar lita. Tataccen ruwa kawai, domin kalsiyam ɗin ruwan famfo yana kama fosfat ruwan ya gurɓace.

Zafin Maraɗi ma abin lura ne: mai 12H2O yana narkewa a kusan digiri 35, mu kuwa a watan Afrilu muna wuce 40. Tampon da aka bari a kan tebur ƙwayoyin cuta ne ke cinsa, don haka ku sa shi a firji. Mai kauri kuma sanyi na sa gishirinsa ya daskare a gindin kwalba, sai an ɗumama shi ya narke gaba ɗaya kafin a ɗiba.