Tarihin Rayuwata, Kashi Na 9: Ƙafata Ta Hagu

Assalamu alaikum 'yan uwa, a wancan makon mun tsaya ne inda na dawo daga Legas sarin kaya, na sauka a Kwangila da asuba ƙafata ta hagu tana min wani irin nauyi. To a ci gaba.

Ni dai na ɗauka gajiyar mota ce, kun san zaman lagzuri, mutum a naɗe dare guda ga buhu a ƙarƙashin ƙafa, kuma bana shan ruwa a hanya saboda gudun fitsari. Amma da aka kwana biyu sai sha-raɓar ta kumbura tayi zafi rau, ɗayar kuma lafiyarta ƙalau. Hajiya surukata tana gani tace sanyi ne, a kira mata mai tausa, wata maƙociya kuma tace ai tsallake nayi. Allah ya taimake ni Yaya Binta ta leƙo, ita nas ce, tana taɓa wajen ta kalle ni tace "ke Hadiza, kar wanda ya matsa ƙafar nan, tashi mu tafi asibitin Shika yanzun nan." A cikin keke napep ne take tambayata a kunne wai ina shan ƙwayar tazarar haihuwa? Nace eh, watanni kaɗan kenan da na fara, ni da maigidana Abban Ummi muka shawarta bayan tiyatar haihuwar autana, a wani kemis na siya kuma babu abinda mai shagon ya tambaye ni sai kuɗinsa.

Aka yi min hoton jijiyoyin ƙafar, sai ga gudan jini ya daskare a babbar jijiya ta ciki. Likitan, Allah ya saka masa, bai yi min faɗa ba, zama yayi yana jero min tambayoyi. Shekarata nawa, ina da hawan jini, ina ciwon ɓarin kai mai zuwa da walƙiya a ido, ina shan taba ko shisha (nan sai da nayi dariya duk da ciwon), akwai wanda jininsa ya taɓa daskarewa a danginmu, ina da sikila? Ya auna nauyina, ni kuwa masha Allah akwai jiki. Yace min waɗannan tambayoyin kafin a baki ƙwayar ya kamata a yi su.

Ga yadda ya warware min abin. Ƙwayar da nake sha mai sinadari biyu ce, ɗaya sunansa istirojin, shi ne yake sa hanta ta ƙara samar da abubuwan da ke daskarar da jini, su kuma masu hana shi daskarewa su ragu, sai jinin ya zama kamar kunun da ya fara kauri, in aka bar shi waje ɗaya ba motsi sai ya kama. To ni ga ƙwaya ga ƙiba ga zaman mota dare guda, kuma wai shekarar farko ta shan maganin ita tafi haɗari. Abin tsoron shi ne gudan ya ɓalle ya bi jini ya toshe huhu, shi yasa tausa bata da kyau, yace in naji numfashi na sarƙewa ko ciwon ƙirji ko tari da jini ko tsakar dare ne a kawo ni.

Abban Ummi ya tsorata sosai, yace likita ashe guba ce ake ba mata? Likita yace a'a Alhaji, a cikin mata 10,000 da basa sha kusan 2 ne ke samun wannan a shekara, masu shan irin wadda sinadarinta na biyu ake kira levonorgestrel 5 zuwa 7, wasu sababbin kala kuma 9 zuwa 12, kuma ciki da jego sun fi ƙwayar kawo shi nesa ba kusa ba, shi yasa ma ba a ba mai ɗanyen jego. Wai ta farkon da aka fitar a Amurka a 1960 sinadarin cikinta ya ninka na yanzu sau da yawa. Wannan maganar tayi min daɗi wallahi, don na san akwai masu jiran suce kun gani ko, alhaki ne. Mafi yawan mata suna sha lafiya lau, ni ce dai jikina bai dace da ita ba.

Aka tsayar da ƙwayar ranar, aka fara min allurar tsinka jini a fatar ciki, daga baya aka maida ni kan warfarin, ƙwayar tsinka jini, wata 3 ana ɗibar jini ana dubawa, da sharaɗin kar in yarda in ɗauki ciki ina kansa don yana taɓa jariri. Ashanar hannu aka sa min, ita babu istirojin a cikinta.

Saura Hajiya, don har lokacin bata san ina tsarin iyali ba, kuma a gabanta wata ma'aikaciya ta ɗaga katina tace "ina mai shan ƙwayar haihuwar nan?" Yadda muka ƙare da ita sai mako mai zuwa in Allah ya kaimu.