Juma'a a Gwanzu, da abincin daren da muka yi ta musu a kansa ni da Kawu

Yau tun safe a Pazhou, wata unguwa a nan birnin Gwanzu na ƙasar Chaina, muka yini rabi, wajen baje kolin nan na Canton Fair da suke yi duk Afrilu da Oktoba tun 1957, ƙafa har ta yi tsami don rumfunan ba sa ƙarewa, ka fita wannan ka faɗa waccan kowa na miƙo maka kati da katalog. Ni tayil na zo nema da kayan banɗaki, Kawu kuwa yadi ne harkarsa tun yana saurayi a Kantin Kwari, rakiya kawai ya min. Wajen sha biyu muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa don mu samu Juma'a a masallacin da ke gefen kabarin da mutanen nan suke cewa na Sa'ad bin Abi Waƙƙas ne, mu dai abin da muka karanta a Baƙi'a aka binne shi, Allah ne masani. Masallaci ya cika maƙil, 'yan Najeriya, 'yan Mali, Larabawa, 'yan Pakistan, ga Musulmin Chaina da fararen hulunansu. Da aka idar muka koma unguwar Shawbe muka ci taliyar nan ta Lanzhou mai romon naman sa wadda ake ja da hannu a gabanka, kwano yuan 15, muka ƙoshi nak.

To da daddare ne maganar take. Akwai wani bawan Allah ɗan garin Shunde mai masana'antar tayil a Foshan da ke kusa da Gwanzu, a wajensa nake ɗaukar kaya. Duk zuwan da na yi shi ke ciyar da ni, shi ke turo mota, kuma akwai lokacin da kala ta saɓa a wata kwantena, rabin tayil ɗin ya fi rabi duhu, na tura masa hoto ta WeChat bai ja da ni ba ko kaɗan ya cike min a kaya na gaba. Mutumin da ya maka haka ai ba ka kai shi shagon taliya ba. Shi ya sa na ce wa tafintanmu, wani yaro ɗan Maraɗi da ya yi karatu a nan ya zauna, ya nemo mana wuri na mutunci mai takardar halal wanda kuma girkin mutanen Gwanzu suke yi, ba na ƙabilar Uyghur ba da muka saba ci. Na ce ya tambaya da kyau ko suna sa giyar shinkafar nan a girki, don su a wajensu kayan miya ce kamar kowace, da kitsen alade. Ya dawo ya ce babu ko ɗaya, masu wurin Musulmi ne 'yan ƙabilar Hui.

Bayan magariba muka isa. Ɗaki guda aka ware mana a bene, taga na kallon kogi, tebur zagayayye da faifan gilas a tsakiya da ake juyawa abinci ya zo gaban kowa. Mu shida ne, ni, Kawu, tafinta, mai masana'anta, matarsa wadda ita ke riƙe da lissafin kamfanin, sai ɗansu. Aka kawo shayi baƙi mara suga, duk wanda aka zuba wa sai ya ɗan buga yatsu biyu a tebur alamar godiya, Kawu ya gani shi ma ya kama yi, matar ta ji daɗi sosai. A al'adarsu mai gayyata ne ke zaɓen abinci, ni kuma ban iya karanta komai a takardar ba sai lambobi, saboda haka muka haɗa kai da tafinta da wata ma'aikaciya mai baƙin kwat muka zaɓa.

Kifin dai shi ne ba zan manta ba. Kafin a dafa sai da aka shigo da shi ɗakin a bokiti yana fal-fal da ransa, ja mai ɗigo-ɗigon shuɗi, kifin teku, aka faɗa mana nauyinsa don da awo ake sayarwa, awonsu ɗaya rabin kilo ne. Ba a fi minti ashirin ba sai ga shi a doguwar faranti, turara shi kawai aka yi, an yanka citta da ganyen albasa siri-siri an ɗora a kai, an kwarara tafasasshen mai, sai baƙin ruwan waken suya a ƙasa. Ba attarugu, ba magi, ba komai. Na ce a raina wannan ai zai yi ƙarni. Mai masana'anta ya sa cokali a bayan kifin ya ɗan ɗaga, tsokar ta rabu da ƙaya sumul fara tas amma daidai jikin ƙayar da ɗan sauran sheƙi, ya nuna wa tafinta yana ta bayani da murna. Wai in an ƙara minti ɗaya tsokar ta yi tauri, in an rage minti ɗaya ɗanye ne, kuma kifin da ya kwana a firji ba ya taɓa yin haka komai iyawar mai girki. Na ɗanɗana, wallahi ba ƙarni ko kaɗan, wani ɗan zaƙi-zaƙi ne a tsokar da ban taɓa ji a kifi ba don mu kullum soyawa muke mu lulluɓe da yaji. Yuan 640 kifin nan shi kaɗai. Da tsada, amma na ga abin da na biya, an kamo shi daga teku, an riƙe shi da rai a tankin ruwan gishiri har zuwa daren nan, in ya mutu a hanya asarar mai wuri ce, kuma akwai wanda ya yi shekaru a bakin tukunya kafin ya san wancan minti ɗayan.

Haka gasasshiyar dinya. Tafinta ya ce hura iska suke tsakanin fata da nama, su watsa mata ruwan zafi, su shafe da ruwan zaƙi su rataye ta sa'o'i ta bushe kafin ta shiga tanda, shi ya sa fatar ke ƙaras-ƙaras naman kuma da laushi. Akwai romon kaza da aka ce tun rana yake kan wuta, da jatan lande, da ganye da aka soya da tafarnuwa yana nan kore shar. Kawu da ya shigo yana ɗaure fuska sai ga shi yana juya faifan da kansa yana jawo dinyar gabansa.

Amma abin da ya fi ba ni mamaki wata taliyar shinkafa ce mai faɗi da aka soya da naman sa, yuan 88, kusan ita ce mafi arha a teburin. Mai masana'anta ya ce da ita suke gwada kuku. Ya ɗaga da sandunan cin abincin nan ya nuna min, ko ɗaya ba ta tsinke ba, ba ta manne da 'yar uwarta ba, da aka cinye ya karkata farantin babu mai kwance a ƙasa, ga wani ƙamshin wuta a jikinta wanda ba ƙauri ba ne. Mutanen Shunde ba a ja da su a maganar girki, UNESCO ma ta sa garinsu cikin biranen abinci a 2014, kuma ya faɗa mana haka da kansa cikin alfahari. Da ya ce kukun wurin nan ya iya, na ji hankalina ya kwanta.

Sai aka zo kan sheƙar tsuntsu. Ma'aikaciyar ce ta kawo shawara, tafinta ya ce a wajensu babbar karramawa ce, ni ma kuma ina son in ga abin da ake ta faɗa, na ce a kawo wa kowa. Wani ɗan tsuntsu ne dangin tsattsewa yake gina sheƙarsa da yawunsa, yawanci daga Indonesiya da Malesiya ake kawowa, a jiƙa a zauna a tsince gashin ɗaya bayan ɗaya da hantsaki, sannan a dafa da suga. Ɗan ƙaramin kofi, yuan 188 kowanne. Kawu da ya ji yawun tsuntsu ne ya ture nasa gefe, tafinta ya ce Baba ai malaman Indonesiya sun halatta in an wanke, Kawu ya ce shi bai ce haramun ba ne, ransa ne bai karɓa ba. Ni na sha. Santsi ne kawai da zaƙin suga, ba ɗanɗano ba ƙamshi, in da an rufe min ido ba zan ce ga abin da na sha ba. Mutanen nan sun yarda yana gyara jiki da fata, ban raina imaninsu ba, amma kofi shida yuan 1,128, sama da kashi ɗaya cikin uku na kuɗin gaba ɗaya, kuma shi ne abu ɗaya a teburin da hannun kuku bai ƙara masa komai ba. Tsadarsa aka saya, don baƙo ya san an kashe kuɗi a kansa.

Ana cikin hira mai masana'anta ya miƙe wai zai je banɗaki, ashe wajen biya ya nufa, haka suke yi. Allah ya sa tun shigowarmu na ba tafinta waya ya je ya ajiye kuɗi ta Alipay. Mai masana'anta ya dawo yana ta faɗa da hannu, ni ma ina ta ba shi haƙuri, matarsa na dariya. Risit ya zo yuan 3,084, a ciki har da kuɗin shayi yuan 18 kowane mutum ko ka sha ko ba ka sha ba, da kashi 10 cikin ɗari na hidima. Abin da ya ragu aka zuba mana a roba ba wanda ya ji kunya, dama tun 2021 suna da dokar hana ɓarnar abinci, kuma manyan mutane ma na gani suna fita da ledarsu.

A tasi Kawu ya yi shiru har muka haye gada, sannan ya ce kai yaro nawa ka biya. Na faɗa masa. Ya ciro waya ya buga lissafi, ya ce taliyar da muka ci da rana kwano ɗari biyu da 'yan kai ke nan, a canjin yau ya haura naira dubu 600, albashi mafi ƙanƙanta a gida dubu 70 ne, wato wani sai ya yi wata takwas yana aiki bai samu abin da muka cinye a sa'a biyu ba. Ya jawo ayar masu almubazzaranci 'yan uwan shaiɗanu. Gaskiya maganar ta shige ni, don yaran da ke sauke min tayil a shago na san nawa nake ba su, kuma na san abin da dubu 600 za ta yi a gidan kowannensu.

Na ce Kawu ku gafarce ni, amma ku da kanku in babban baƙo ya sauka rago kuke kayarwa alhali kaza ma za ta ƙosar da shi, kuma ba wanda ya taɓa kiran wannan ɓarna. Ya ce wannan daban, rago unguwa guda ke ci, maƙwabta su samu, almajirai su samu, wannan kuwa mutum shida ne a ɗaki an rufe ƙofa. Ban sami amsar wannan ba, kuma har yanzu da nake rubutu ban samu ba.

Abin da na iya ce masa shi ne ba duka kuɗin ne abu ɗaya ba. Kifin, dinyar, romon, taliyar, ko gobe aka ce in sake biya zan biya ban ji an cuce ni ba, don aikin mutane ne da gwanintarsu da kaya mai kyau, kuma wanda ya iya abu ya cancanci a biya shi, mu ma da muke sayar da tayil mun san na dubu biyar da na dubu goma sha biyar ba ɗaya ba ne ko da a ido sun yi kama. Ɗakin ma ban ga laifin kuɗinsa ba, a cikinsa ne matar mai masana'anta ta buɗe littafinta muka yi maganar kwantena biyu na gaba a natse, ta yarda in ba da kashi 30 yanzu sauran sai kaya sun hau ruwa, maganar da ba za ta yiwu a Pazhou ba cikin hayaniya. Ba wai abincin ne ya sayo min hakan ba, dama akwai amana tsakaninmu, amma zaman ya taimaka. Sheƙar tsuntsu ce kawai ban yarda ta ci kuɗinta ba, ita kam ina tare da Kawu ɗari bisa ɗari, in da an cire ta da mun tashi a ƙasa da yuan 2,000 kuma ba abin da zai ragu a daren.

Kawu ya ce ko dubu biyun ma da yawa. Ya ce su a zamaninsu da goro da shayi suka ƙulla ciniki da Kwarori na shekara da shekaru, ba wanda ya kai wani bene. Na ce zamani ya canja Kawu, kuma kowace ƙasa da yadda take karɓar baƙo. Ya ce zamani bai canja hisabi ba. Daga nan na yi shiru don ba a musu da babba har a kai ƙarshe, kuma ban tabbata ba shi da gaskiya ba.

Da muka iso otal na ba yaran da ke mana fakin a sito ledar abincin, su biyu 'yan Kano ne, suka ce dinyar ta yi daɗi amma da akwai yaji da ta fi. Na tura wa ƙanena saƙo ya ƙara wa masu sauke kaya wani abu a kuɗin wannan satin. Gobe ƙarfe bakwai motar Foshan za ta zo in je in duba samfurin tayil ɗin da idona kafin a fara lodi, Kawu ya ce shi kasuwar yadi ta Zhongda zai nufa, tafinta zai raka shi ni in tafi da ɗan mai masana'anta tunda yana ɗan jin Turanci.